Fulawa ba ɗaya ba ce: abin da ke cikin mudun da kike aunowa

Duk ranar da kek ya fito da tauri, ko fanke ya kwanta a gindin kasko ya ƙi tasowa, akwai waɗanda ake fara kamawa da laifi. Yis ne na farko, sai bekin foda, sai wuta, daga nan a koma kan hannun mai kwaɓin. Idan abin ya yawaita har bakin maƙwabta ake sakowa a ciki. Fulawa kuwa, ko hulawa kamar yadda bakinmu na Zamfara ya fi sabawa, ba a cika tuhumarta ba, alhali ita ce ta fi kowa yawa a cikin kwanon. Mun ɗauke ta kamar gishiri, fara ce, gari ce, duk inda aka auno ta ɗaya ce. Na daɗe ina cincin da kek na sayarwa a nan Gusau kafin in gane cewa rabin asarar da nake yi tun daga bakin buhu take farawa.

Sai an fasa ƙwayar alkama sannan maganar take fitowa fili. Kashi uku gare ta. Akwai ɓawon waje wanda ke zama dusa, akwai farar tsokar ciki, sai wani ɗan ido a gindinta, inda tsiro ke fitowa idan an shuka. Farar tsokar ita ce kusan kashi 83 cikin 100 na ƙwayar, dusa wajen kashi 14, idon kuma bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Manyan kamfanoni cire dusar da idon suke yi, su niƙe tsokar kaɗai, ita ce farar fulawar da muka sani. Mu kuma idan muka kai alkama inji, ko da an surfa ta, idon da wani sashe na dusar suna biyo garin. Wannan ɗan idon mai ne fal a cikinsa. Riƙe maganarsa, za mu dawo kansa wajen ajiya.

A cikin farar tsokar akwai sitaci mai yawa, akwai kuma furotin iri biyu da ba sa komai muddin garin a bushe yake. Da ruwa ya taɓa su aka fara murzawa sai su sarƙe da juna, su zama wani abu mai miƙewa kamar roba. Masana suna ce masa gulutin, mu a madafa danƙo muke cewa. Shi ne yake kama iskar da yis ke fitarwa ya hana ta tserewa, kwaɓi ya kumbura. Gero da dawa da masara da shinkafa da rogo duk ba su da shi, shi ya sa ko kwana za ki yi kina murza garin masara ba zai taɓa miƙewa ba.

Gani ya kori ji. Ɗebi fulawa cokali huɗu, ki kwaɓa da ruwa kaɗan ta yi tauri, ki cura ta, ki jefa curin a kwanon ruwa ya yi rabin awa. Sai ki fara matsa shi a hankali a cikin ruwan. Ruwan zai yi fari kamar na gasara, sitacin ke nan yake fita. Zubar ki sake wani, ki ci gaba da matsawa har ruwan ya daina fari. Abin da zai rage a tafin hannunki wani ɗan ƙulluttu ne mai launin ƙasa-ƙasa, kamar cingam da aka daɗe ana taunawa, in kin ja shi ya miƙe, in kin saki ya koma. Danƙon ke nan tsurarsa. Ranar da na fara gwada wannan da fulawa biyu, ɗaya daga shagon unguwa ɗaya daga babbar kasuwa, ƙulluttun ɗaya ya kusa ninka na ɗayar, kuma kuɗi ɗaya na saye su.

A ƙasashen da ake rubuta komai a jikin leda, fulawa hawa-hawa ce. Ta burodi furotin ɗinta yana kaiwa kashi 12 zuwa 14 cikin 100, ta kowane aiki tana tsakanin 10 da 12, ta kek kuma 7 zuwa 9. Bambancin daga alkamar yake, akwai mai tauri akwai mai laushi, kamfani ne ke gauraya su gwargwadon abin da yake son garin ya yi. Kayan da muke yi su ma haka suka rabu. Burodi da fanke da donat da taliyar murza danƙo suke so, shi ya sa ake bugun ƙullun fanke har hannu ya gaji. Kek da biskit ba sa son shi ko kaɗan. Dubi gireba: mai ne ake murje garin da shi, ba ruwa, man ya lulluɓe kowace ƙwayar gari ya hana danƙo haɗuwa, sai ta riƙa narkewa a baki. Cincin da dubulan da ɓawon samosa suna tsakiya, suna son abin da zai riƙe su a murza su yi falan-falan, amma idan ya yi yawa haƙori ne zai biya.

To mu a nan wa ya rubuta mana? Mafi yawanmu a mudu ko tiya muke saye, daga buhu mai kilo 50 da mai shago ya buɗe ya naɗe bakinsa. Kuma galibin irin wannan buhun masu gidan burodi aka yi wa shi, domin su ne manyan masu saye. Ke nan fulawar da ke hannunki ta fi karkata ga mai ƙarfi. Fanke zai ji daɗinta, kek kuwa zai sha wuya, musamman in kika dage da juya shi bayan kin zuba garin. Wasu kamfanonin suna fitar da ta kayan maƙulashe daban, wasu kuma suna da ƙananan ledoji masu kilo 1 ko 2 na kowane aiki. Sun fi tsada a kan kowane kilo, amma ga mai yin kek na biki sau ɗaya a wata, ni dai ina ganin tsadar ta biya kanta.

Idan awo za ki yi, kada ki ji nauyin cewa a nuna miki buhun. Duba ranar da aka yi ta da ranar lalacewa. Duba tambarin ido, wanda ke nuna an ƙara mata bitamin A, abin da doka ta wajabta wa kamfanonin fulawa a Najeriya tun 2002. Sannan ki sa hannu. Damƙi cikin tafi ki matse, ki buɗe. Mai ƙarfi tana da ɗan tsaki-tsaki a yatsa kuma takan wargaje nan da nan, mai laushi takan tsaya da shatin yatsunki. Amma a kula, wadda ta sha danshi ita ma tana curewa, sai dai za ki ji ta da sanyi da nauyi, ki ga gudaji masu tauri a gefen buhun. Kai ta hanci. Lafiyayyar fulawa kusan ba ta da wari. Duk wadda ta bugo ki da warin tsohon ɗaki, ko tsami, ko warin ƙwaro, ki bar masa abarsa ko da ya rage miki kuɗi. Ni yanzu wurin wanda masu shayi da masu fanke suke layi nake saye, ba don ya fi kowa kirki ba, don buhunsa ba ya kwana uku a buɗe.

Wani zai ce me ya sa ma fulawar ba ta tsayawa iri ɗaya, ko daga kamfani ɗaya ce. Alkamar ba tamu ba ce. Sama da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake niƙawa a ƙasar nan ta jirgin ruwa take zuwa, daga irin su Amurka da Kanada da Rasha da ƙasashen Turai. Jirgin wannan wata ba lallai ya zama daga gonar na watan jiya ba. Kamfanoni suna ƙoƙarin daidaita haɗinsu, amma hannun da ya saba yana jin bambancin. Dalilin ke nan kuma da ya sa farashin mudu a Tudun Wada yake bin dala, ya kuma ji a jikinsa lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022. An taɓa gwada rufe ƙofar gaba ɗaya: gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta a gida, aka ɗage haramcin a 1992, domin abin da ake nomawa bai kusa isa ba.

Alkamarmu ta gida tana nan, ba ta dai da yawa. Sanyi take so, shi ya sa ake shuka ta a noman rani, wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe ta wajen Maris kafin zafi ya kankama. Ana yin ta a Jigawa da Kano da Kebbi, mu ma filayen Bakalori da ke yankin Talata Mafara da Maradun da Bakura sun san ta. Ita ce ta funkaso da alkaki, kuma babu farar fulawar da za ta ba ki wannan ƙamshin. Na ga masu yin funkaso da fulawa zalla don ya yi fari ya yi laushi. Yana ciyuwa, amma a wurina fanke ne marar sukari.

Mai kai alkama inji kuma tana da nata abin lura. Tambayi abin da aka niƙa kafin naki. In barkono ne ko citta ko wake, garinki na farko ya tafi da ɗanɗanonsu, don haka ki tafi da ɗan tsaki ko dusa mai tsabta a fara wanke injin da shi. Garin yana fitowa da zafi, kada ki ƙulle shi a leda a haka, gumi zai yi. Baza shi a faranti a inuwa ya huce tukuna. Akwai kuma abin da mu 'yan Zamfara ba ma buƙatar a tuna mana da yawa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, da turame da irin injinan da ake niƙa hatsi. Duk injin ko turmin da ya taɓa dutsen ma'adinai ya fita daga sahun kayan abinci har abada, wanki ba ya mayar da shi.

Yanzu maganar sauya fulawa ko haɗa ta da wani gari, wadda ita ce aka fi tambayata. Tambaya ɗaya ce a ƙarƙashin kowane sauyi: abin da zan yi, danƙo nawa yake bukata, kuma garin da zan zuba zai ƙara shi ne ko zai rage?

Mafi sauƙi shi ne sassauta fulawa mai ƙarfi don kek. A kowane kofi ɗaya ki kwashe cokali biyu na cin abinci, ki mayar da cokali biyu na sitacin masara, wanda ake sayarwa da sunan kwanfulawa. Tankaɗe su tare a rariya sau biyu ko uku su haɗu sosai. Sitacin ba shi da furotin, sai ya tsinka na fulawar. In babu shi, garin kastad yana yi, domin shi ma yawancinsa sitaci ne, sai dai zai kawo launinsa da ƙamshinsa. Bayan haka sauran aikin na hannu ne: bota da sukari da ƙwai ki buga su iya son ranki, amma da gari ya shiga, juyawa ce a hankali har ya ɓace, ki tsaya. Yawancin kek mai tauri da na ci a gidajen biki ba ƙarancin bota ne ya kashe shi ba, an yi masa bugun fanke ne.

Akasin haka ya fi wuya. Idan fulawarki mai rauni ce kina son burodi ko donat, ba wani gari a madafarki da zai ƙara mata furotin. Abin da za ki iya shi ne ki rage ruwa kaɗan, ki ƙara lokacin murza, ki bar kwaɓin ya huta minti ashirin ki sake murzawa, kuma kada ki bari ya wuce lokaci wajen tashi, domin raunannen danƙo yana saurin sakin iska ya faɗa. Gishiri ma yana ƙara masa ƙarfi, kada a manta da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙullin farin gari marar suna da wani zai miƙo miki a kasuwa ya ce maganin kumburin burodi ne. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta haramta sinadarin buromet, mai sa burodi kumbura, tun zamanin da Dora Akunyili ke shugabancinta, saboda haɗarinsa ga ƙoda da alaƙarsa da cutar daji. Abin da ba shi da suna da lamba a jikinsa ba ya shiga kwanona.

Idan girkin da kika gani a waya ya ce fulawa mai tashi da kanta, ba wata alkama ce ta daban ba, bekin foda da gishiri aka zuba mata tun daga kamfani. Kofi ɗaya na fulawa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi na bekin foda, ɗan gishiri kwatan cokalin shayi, shi ke nan. Ki haɗa iya wanda za ki yi aiki da shi a ranar. In kika haɗa da yawa kika ajiye, danshin damina zai cinye ƙarfin hodar tun kafin ta ga wuta.

Garin alkama a madadin fulawa kuma ba a yi masa shigar sauri. Dusar da ke ciki tana da kaifi, tana yanka zaren danƙo yayin murza, kuma tana shan ruwa fiye da farin gari. Wadda ta mayar da kwaɓin burodinta alkama zalla rana ɗaya, da ruwan da ta saba zubawa, za ta fito da abin jifan kare. Fara da kashi ɗaya cikin huɗu, in ya karɓe ki ki kai rabi. Ƙara ruwa, wajen cokali ɗaya a kowane kofi, ki rufe kwaɓin ya yi rabin awa kafin ki murza, dusar ta jiƙa ta yi laushi. Kuma tunda masu ciwon sukari da yawa an ce musu su koma alkama, gara a faɗa: dusar tana da amfani, amma sitacin yana nan daram, ba lasisin cika faranti ba ne.

Sai hatsinmu na gida, inda tsadar fulawa ta tura mutane da yawa. A nan ƙa'idar a bayyane take, duk cokalin garin shinkafa ko dawa ko rogo da kika zuba, kin rage danƙo ne. A burodi da fanke kashi ɗaya cikin goma yana wucewa ba a ankara ba. Daga kashi biyu cikin goma za ki fara ganin tashin ya ragu, cikin ya yi nauyi. Gwamnati ma ta sha kokawa da wannan lissafin. A zamanin Obasanjo an nemi kamfanoni su riƙa zuba garin rogo kashi 10 cikin 100, a zamanin Jonathan kuma, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma, aka sake tayar da maganar burodin rogo. Abin lura shi ne garin rogon da ake nufi ba alabo ba ne, ba kuma garin kwaki ba. Rogo ne da ake ferewa a gurza a matse a busar a rana ɗaya, kafin ya yi tsami. Alabon kasuwa jiƙa shi ake yi, yana da warinsa, kuma warin ba ya ɓuya a kek.

Inda sauyin ya fi armashi shi ne kayan da dama ba sa son danƙo. Garin shinkafa mai laushi, kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar a kwaɓin cincin, yana sa shi garas-garas, kuma ba ya shan mai sosai. Na fara yi don tsimi, yanzu ko fulawa ta yi araha ba na fasawa. Farar dawa tana shiga biskit, sai dai a niƙa ta da kyau a tankaɗe da rariya mai laushi, in ba haka ba za a ji ta kamar yashi. Ja kuwa tana da ɗan bauri. Gero yana da daɗi a biskit, amma ranar da aka niƙa shi ake aiki da shi.

Ni abin da ke burge ni shi ne iyayenmu sun daɗe da warware matsalar rashin danƙo ba tare da sun san sunansa ba. Me kuka take yi a ɗanwake in ba riƙe garin wake da rogo ba? Yauƙinta ne ya tsaya a madadin danƙo. A waina kuma dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa da jiƙaƙƙiya ita ce ke ba ƙullun jikin da zai riƙe iska, ramin tanda ya ƙarasa sauran. Saboda haka mai son barin fulawa gaba ɗaya, ko don jikinta ba ya karɓar alkama ko don aljihu, ta fi kusa da dacewa idan ta koma kan waina da sinasir da nakiya, a kan ta tilasta wa garin dawa ya zama burodin yanka.

Awo shi ma yana cin mutane. Ido ba mudu ba ne, amma mudun ma ba ɗaya ba ne, na Gusau daban na Ƙauran Namoda daban, har a layi ɗaya kwanon wani ya fi na wani zurfi. Kofi ɗaya na fulawa da aka zuba a hankali da cokali wajen giram 120 zuwa 125 ne. In kika nutsa kofin cikin buhu kika danna, zai iya kaiwa 150. A kek mai kofi huɗu kin ƙara kusan kofi guda ba ki sani ba. Mai sana'a ta sayi ɗan sikelin madafa, kuɗinsa bai kai asarar kwaɓi biyu ba. Yanayi ma yana da hannu. A hunturu fulawa tana bushewa ƙarau, ta nemi ƙarin ruwa, kwaɓi ya yi ɓawo in ba a rufe shi ba. A marka kuwa ta riga ta sha nata daga iska, ruwan da kika saba zubawa sai ya yi mata yawa. Shi ya sa ba na juye ruwa gaba ɗaya, nakan rage kaɗan a kofi sai na ji abin da hannu ya ce.

Ajiya kuwa da kuɗina na koye ta. Shekarar da za a kai garar ƙanwata, na sayi rabin buhu tun saura wata biyu, wai ina gudun tashin farashi. Na jingine shi a ɗakin ajiya, a kan siminti, jikin bango, kusa da kwalin sabulun wanki da jarkar kananzir. Watan Agusta ne. Ranar aiki mata sun cika tsakar gida, an soya kaskon farko na cincin, Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Ta tauna sau biyu ta tsaya.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka aje kusa ga hulawag ga?"

Na ce, "Ba komai, Gwaggo."

"Ba komi? To sabulu ni ka ci."

Da muka zazzage buhun, na ƙasan ya dunƙule kamar dutse, ya yi ɗigo-ɗigon toka. Na sama kuma ƙamshin sabulu ya ratsa shi. Ranar sai da aka sake aikawa kasuwa, a farashin da nake gudu har da ƙari.

Laifi uku na yi a wuri ɗaya. Fulawa tana fitowa daga kamfani da danshin da bai wuce kashi 14 cikin 100 ba, kuma da ya haura haka fumfuna ta samu gida. Siminti da bango suna tsattsafo da sanyi a damina, buhu kuma ba ya hana shi shiga. Sannan gari yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi, sabulu ne, kananzir ne, daddawa ce, turaren wuta ne. Maganin ba shi da tsada: a ɗora buhu a kan katako, a janye shi daga bango, in an buɗe kuma a juye a bokitin roba mai murfi mai kamawa, wanda aka wanke ya bushe sarai. Na fi son in raba ta a ƙulla a ledoji masu kauri, mudu bibbiyu, in jera a bokitin, don kada kullum in riƙa buɗe duka ga iska. Kada a zuba sabuwa a kan ragowar tsohuwa. A ƙarar da tsohuwar, a wanke bokitin, domin ƙwan ƙwari a lungun gindinsa yake maƙalewa.

Ƙwarin nan jajaye ƙanana da kike gani suna yawo a gari, ba daga sama suka faɗo ba, sau da yawa da ƙwansu aka auno miki. Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma a zafi irin na bazararmu wata ɗaya ya ishe su daga ƙwai zuwa babba. Rariya tana kama manyan da tsutsar, ƙwan kuwa yana bi ta wuce. In 'yan kaɗan ne kuma garin bai canza wari ba, tankaɗe ki yi aiki da shi a makon. In sun yi yawa har garin ya dushe yana wani wari mai hawa kai, sun riga sun zuba masa abin jikinsu, ba zai yi daɗi ba kuma. Shanyawa a rana tana korar manyan, amma ki rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura da kaji, kuma ki bari ya huce kafin ki mayar.

Firiza tana kashe su har ƙwan idan garin ya yi kwana huɗu zuwa mako a daskare. Sai dai wannan shawarar masu tsayayyar wuta ce. Firizar da ke yin sanyi da dare ta narke da rana gumi take tara wa leda, ta jiƙa miki garin da kika kai ta tsare. In kina da sola ko kin tabbatar da wutarki, ƙulle shi a leda biyu, kuma in kin fito da shi kada ki kwance sai ya dawo zafin ɗaki. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne kusantar da maganin ƙwari. Ƙwayar da 'yan kasuwa ke jefawa a rumbun wake, da fiya-fiya, ba su da wuri a ɗakin da gari yake, balle a cikinsa. Wanda ya yi fumfuna kuma zubarwa ake yi, musamman garin masara, domin gubar da wasu nau'in fumfuna ke bari ba ta mutuwa a wuta, kuma hanta take ci. Ko dabba ban so a ba ta.

Ga inda ɗan idon nan mai mai ya dawo. Farar fulawa, da yake an cire mata shi, tana iya yin watanni a bokiti mai kyau, ko da yake a zafinmu ba na son ta wuce wata uku a hannuna. Garin alkama kuwa man da ke cikinsa yana fara lalacewa tun ranar niƙa. A bazara mako uku zuwa huɗu ya isa ki fara jin maƙaƙi a maƙogwaro da wari irin na tsohon man gyaɗa. Gero ya fi shi gaggawa, kwanaki kaɗan ya yi ɗaci, kuma duk mai dama fura ta san haka. Ƙwayar da ba a fasa ba ita ce ke jure ajiya, ɓawonta ne rigarta. Don haka alkamar funkaso da alkaki a tsabarta nake saye lokacin girbi, wajen Maris zuwa Afrilu da take sauƙi, in shanya ta ta bushe har in na ciza ta ce ƙas, in zuba a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ajiyar wake, in ɗaure kam. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe. Duk ranar da za a yi funkaso, tiya ɗaya nake ɗiba a kai inji da safe.

Farar fulawa kuma na daina yi mata sayen tsoro. Iya ta mako biyu nake aunowa a damina, ta wata ɗaya a hunturu, sai in azumi ya raba tsakiya odar cincin ɗin Sallah ta fara shigowa, sannan in ɗauki buhu sukutum, wanda ba a buɗe ba, in duba kwanan watansa da idona. A jikin murfin kowane bokiti akwai ɗan farin salatif da nake rubuta ranar da na zuba. Sabulu da kananzir kuwa tun shekarar garar nan suka koma zaure.